Fiton Mani Barunje a Tafkin Bakolori

Ku 'yan jirgin inji na bakin dam, na ji abin da kuke faɗi. Wai fito ba sana'a ba ce, igiya ce za ka ja inji ya tashi, ka nufi gaɓa. Ban yi fushi ba. Ni ma lokacin da haƙorana suke cikakku haka na ɗauka. Sunana Labbo, mutumin ƙasar Bakura, kuma duk wanda ya ƙetare gulbi a mashiginmu kafin a datse shi, in bai shiga jirgina ba, to ya shiga na maigidana. Rubutun nan da kuke gani na yaƙi da jahilci ne, ajin da na shiga don yana kusa da mai ƙosai. In kun ga wani baƙi ya karkace, ku tallabe shi mu wuce.

Wani malamin firamare da nake yawan ƙetararwa ya taɓa ce mini Turawa suna da kalma guda ta abin da nake yi wa fasinja. Ya maimaita ta har ya gaji, ni dai abin da kunnena ya kama shi ne "riyashuwa". Ya ce ma'anarta ka maido wa mutum natsuwar da ta suɓuce masa, kuma ba a yi wa wanda hankalinsa yake kwance, sai wanda nasa ya tashi. Na ce, "Malam, ashe Turawa ma suna fito." Mu kwantar da hankali muke cewa, kuma shi ne aikin. Tuƙin kuwa, ko jaki aka nuna wa zai yi, in da yana da hannu.

Aikina na farko wurin maigidan nawa, Baba Nayawuri, shi ne yashe ruwa daga cikin jirgi da ƙoƙo. Baba Basarke ne, cikin masuntan nan da suka taso daga yamma, ya zauna a mashiginmu ya tsufa nan. Jirginsa na maɗaci ne, ɓari biyu da aka haɗa a tsakiya aka ɗinke da igiya, aka cusa tsumma a bakin ɗinkin. Kayan aiki ba su da yawa. Gwangwala doguwa ta dogara ƙasa inda ruwa bai yi zurfi ba, filafili inda gwangwala ta kasa, ƙoƙo, tsumma a aljihu, sai 'yan ƙusoshi da ɓallen gwangwani na faci. Damina guda cur ban taɓa filafili ba, sai dai shi ya taɓa ni. Duk sa'ad da na tsura wa ruwa ido na saki baki, sai in ji shi a gadon baya.

"Gyara huska," in ji Baba. "Hwasinja ba ruwa shika kallo ba, kai shika kallo. In ka ɓata rai, ka ɓata jirgi."

Haka na koyi yashe ruwa ina hamma, kamar wanda aka tilasta wa wanke kwano. Ruwa yana iya kai mini idon sawu, fuskata kuwa ta mai jiran a sauke tuwo.

Wata rana mun ɗauko mata masu zuwa biki, da wani ɗan koli mai son taimako. Muna barin gaɓa ya ga wata tana rawar jiki, sai ya buɗe murya ya ce, "Kada ku ji tsoro, bayin Allah, ba mu nutsewa. Wanda ya kihe bara ma iska ce ta yi yawa." Matan da ko tunanin kifewa ba su yi ba, gaba ɗaya suka riƙe baki ɗaya na jirgi, ruwa ya leƙo. Baba ya kafa gwangwala. Ya juya jirgi ya mayar da ɗan koli gaɓar da ya ɗauko shi, ya ce ya jira sawu na gaba, shi da kayansa kaɗai. A jirgin Baba ba a cewa "kada ka ji tsoro". Wanda ka gaya wa haka, ka tuna masa ne akwai abin tsoro.

Kowane fasinja da inda ake kama shi. Mace mai goyo, ka tambaye ta tsadar daddawa a garinsu, ka ce taku ta fi kyau. Kafin ta gama kare daddawar garinsu kun isa. Bafulatani ba ya ji wa kansa tsoro, saniyarsa yake ji wa. Sai ka ɗaure ɗan maraƙi a cikin jirgi, uwar ta biyo da iyo, sauran su bi ta, kai kuma ka yi ta yabon ƙahonta. Malami kuwa, ka yi fuskar jahili, abin da ni ba ya ba ni wuya, ka ce, "Allah gafarta malam, in kifi ya taɓa ni alwalata ta karye?" Zai yi maka karatu har gaɓa, wani lokaci ma sai ka roƙe shi ya sauka. Wanda ya fi kowa hatsari shi ne ƙaton namiji mai suna a gari. Shi ba ya kuka, ba ya salati, kunya ba ta barinsa. Shiru zai yi, ya yi ta cika yana cika, sai ka ga ya miƙe tsaye tashi ɗaya. Jirgin ɗinki kuwa, ƙato ɗaya ya miƙe a cikinsa, an gama magana.

Shekarar da aka rufe bakin dam, gulbin da ke ciyar da mu ya zama abin da yara ke naɗe wando su tsallake. Fadama ba ta sha ba, kifi ya ɓace, masu shinkafa suka zauna suna kallon ƙasa tana tsagewa. Baba ya riga ya rasu, jirgin ya dawo hannuna, yana kife a kan yashi awaki suna kwana a ƙarƙashinsa. Na gwada leburanci wajen masu haƙa hanyar ruwa. Mai ɗaukar ma'aikata ya dube ni sama da ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba don ba ni da tsawo, ya ba ni kwanon siminti. Kwanon ya fi ni sanin aikin. Ana cikin haka na ji labari cewa can sama da dam, a ƙasar Maradun, ruwa yana cin garuruwa, an tashi mutane an kai su sabon wuri, amma rabin kayansu yana can tsallake kuma hanyar ƙasa ta yanke. Na roƙi wani direban tifa da ke komawa babu kaya, muka cicciɓi jirgin Baba muka ɗora.

Ranar farko da na sa jirgi a tafkin, na san an canza mini ruwa. Gulbi yana da hanya, ka san inda yake ja da inda yake hutawa. Tafki ba ya tafiya ko'ina, kwance yake yana jiranka. Gwangwala ba ta taɓa ƙasa. Iska ta taso sai ya yi ta tunkuɗo igiyar ruwa, abin da ban taɓa gani a mashiginmu ba. Ga kawunan itatuwa tsaitsaye a tsakiyar ruwa, tsamiya da gawo da ɗorawa, tsuntsaye a kansu. Waɗannan ma da sauƙi, ana ganinsu. Mugayen su ne waɗanda mutane suka sare don azara da itacen girki kafin ruwa ya iso, suka bar kututture. Ruwa ya rufe su da ɗan kaɗan, ba ka ganin komai sai ka hau.

Fasinjojina kuma manoma ne da ba su taɓa shiga jirgi ba. Su ba zurfin ruwa kawai ke damunsu ba. Mutum zai leƙa ya ce, "Nan gonata take," sai ya yi tsit. Irin wannan ba a yi masa wasa. Sai in ce, "Baba, nuna mini hanya, kai ka san garin nan, ni baƙo ne." Sai ka ga ya gyara zama, yana cewa bi ta hagun da tsamiyar can, nan rijiya ce, can masallaci. Mutum yana nuna hanya ba ya miƙewa.

Wata Litinin a ƙarshen damina, bayan azahar, na je ɗauko mutane daga wani tudu da ruwa ya kusa kewayewa. Akwai manoma da dammunan gero. Akwai wata tsohuwa, Inna Kulu, wadda na saba ɗauka tana kwaso tarkacen tsohon gidanta kaɗan-kaɗan, da matar ɗanta Ige mai goyo. Sai ga Mani Barunje, mahauci daga Talata Mafara, ƙato mai wuyan bijimi. Ya zagayo ta ƙasa kwanakin baya yana sayen awaki wurin masu tashi, kafin ya gama ruwa ya rufe hanyar da ya biyo. Gobe kasuwa, dole ya isa da awakinsa.

Kun dai san tsakanin rundawa, wato mahauta, da masunta akwai wasa. Tun kakanni haka aka taras: su ce mu bayinsu ne, mu ce su namu ne, a zagi nama a zagi kifi, ba mai fushi, kuma wanda aka jefa wa magana ya kasa mayarwa ya ji kunya shi da danginsa. Ni ba a haife ni Basarke ba, amma a wurin barunje duk mai riƙe filafili ɗan kifi ne. Mani kuwa mun sha haɗuwa a kasuwa, bai taɓa kirana da sunana ba.

"Kai ɗan kihi," in ji shi tun daga nesa, "wanga akushin shi ne jirgin?"

Na ce, "Shigo, bawana. Wanke hannu dai tukuna, kada kitse ya ɓata mini tafki."

"Tahki? Ni da nike kada bijimi ni kaɗai, wanga ɗan ruwan wanke tumbi za ya ba ni tsoro?"

Aka yi dariya. Na ɗaure awakin ƙafa-ƙafa na kwantar da su a gaba. Geron na jera a tsakiya, Inna Kulu ta zauna daidai bakin ɗinki, Ige a bayanta. Mani na zaunar da shi gaba da ɗinkin kaɗan, a ƙasan jirgi, fuskarsa tana kallona. Ni ina can baya da filafili. Jirgi ya ɗauki kaya har bakinsa ya matso ruwa, amma na taɓa ɗaukar fiye da haka. Gabas ta ɗan yi duhu. Na duba na ce za mu riga hadarin isa.

Da muka bar tudu Mani yana ta zuba. Muka wuce kan tsamiya ta farko, maganarsa ta ragu. Da gaɓar baya ta yi nisa, ta gaba kuma ba ta matso ba, sai ya yi shiru. Na jefa masa magana kan wuƙarsa, ya yi murmushin da bai kai ido ba. Hannayensa suna kan gwiwa, gumi yana bin wuyansa alhali iska mai sanyi ta fara kaɗawa. Na ce a raina, Labbo, ga shi nan yana cika.

Sai na ji jirgi ya yi gurum daga ƙasa, ya ɗan ɗaga hanci, ya tsaya cak.

Na sa filafili na tura baya, bai motsa ba. Na zura gwangwala, ta shige duk tsawonta ba ta taɓa komai ba. Mun hau kututture, kuma ya tokare mu daidai ƙarƙashin inda Mani yake zaune. Jirgin yana lilo a kansa kamar faifai a kan yatsa. Duk wanda ya karkata, sai jirgi ya bi shi.

Na hangi bakin ɗinki. Igiyar ta saki a gefe ɗaya, ruwa yana tsartuwa ta ƙarƙashin zanen Inna Kulu. Ita ma ta gani. Ta ɗago ta dube ni, na dube ta. Na zaro tsumma daga aljihu na jefa mata, na ce, "Inna, riƙe mini wannan, ya dame ni." Tsohuwar nan ta cafe shi. Ta cusa shi da yatsa inda ruwan ke tsartuwa, ta ɗora diddige a kai, ta ja ƙullin kayanta ta rufe ƙafar, ta shiga gyara ɗankwali.

Na yi hamma. Ban san inda na samo ta ba, amma na yi.

Abin da ake bukata a bayyane yake. Nauyin da ya danne mu a kan kututturen shi ne Mani. In ya matso baya wurina, a hankali, ta tsakiyar jirgi, hanci zai ɗaga mu zame. In ya miƙe, ko ya yi gefe, duk mun tafi, da goyo da gero da awaki. Ban da ni, ba wanda ya iya ruwa a jirgin nan, ni ɗin ma iyawar gulbi ce, inda gaɓa take kusa.

"Don mi munka tsaya?" in ji wani manomi.

Na ce, "Jirgi ya gaji, yana shan iska. Kowa ya zauna yadda yake."

Iska ta ƙaru. Igiyar ruwa ta bugi gefenmu, jirgi ya juya kaɗan a kan kututturen, ya yi ƙara irin ta tsohon ƙyaure. Wata akuya ta fasa kuka. Ruwan da ke cikin jirgi ya gangara ya jiƙa wandon Mani. Ya sunkuya ya duba, ya ɗago.

"Labbo," ya ce.

Abokin wasa ya kira ka da sunanka, wasa ya mutu.

"Labbo, ruwa na shigowa."

Na ce, "Yo barunje, a tafki muke, me kake so ya shigo, romo?"

Ba wanda ya yi dariya. Shi ko jina bai yi ba. Idonsa ya yi fari, yana duban gaɓa can nesa kamar zai iya taka ruwa ya isa. Ya kama bakin jirgi da hannu biyu. Ya janyo ƙafa ɗaya ya kafa tafinta a ƙasa. Jirgi ya karkata dama, ruwa ya zubo ta baki, Ige ta yi salati da ƙarfi, goyonta ya tsandara kuka, manoman suka ɗauki salatin gaba ɗaya.

"Mani, zauna!" in ji ɗaya daga cikinsu. "Don Allah zauna, ka kashe mu!"

Wannan ya ƙara zuga shi. Na ga ɗuwawunsa ya fara barin katako.

Gwangwala tana hannuna, ba ta da amfani a ruwan nan. Na miƙa ta ta saman kawunan mutane, na saƙalo hular Mani da bakinta, na fizgo. Wata tsohuwar hula ce da maiƙo ya mayar baƙa, wadda ba a taɓa ganinsa babu ita ba. Ashe dalili ke nan. Sanƙo ne da shi tun daga goshi har ƙeya, yana ƙyalli kamar an shafa man shanu.

Na kifa hular a kaina, na ce, "Alhamdu lillahi, yau na yi kamu."

Ya tsaya a yadda yake, rabi zaune rabi tashe, ya kai hannu ɗaya ya dafe kai.

Inna Kulu, da diddigenta a kan ɓarakar da za ta iya cinye mu, ta kece da dariya. Dariyar ƙarya ce, na sani, amma ta yi ta da kyau har da tafa cinya. "Wayyo ni Kulu! Mani, ashe madubi gare ka ka ɓoye muna? Ige, duba ki gyara kwallinki!"

Na ce, "Gobe Talata. Da hantsi zan shiga rumfar 'yan nama da hular nan a kaina. In tsaya gaban Sarkin Fawa in ce na kama ta da komar kamun kifi a tafki, mai ita yana can yana kiran sunana yana kuka. In ce ga abin da rundawa suka haifa."

Ya dube ni. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, ni dai na ji kamar an yi damina an yi rani. Iska tana kaɗa rigarsa, jirgi yana lilo. Na ci gaba da murmushi. Can na ga jijiyar wuyansa ta motsa. Ɗuwawun ya koma kan katako.

"Ba ni hulata," ya ce.

"Wa kake tambaya?"

"Ba ni hulata, ɗan kihi, mai warin gulbi!"

Na ji kamar an sauke mini dutse. Na ce, "Zo ka karɓa. Amma da gindi za ka zo, ta tsakiya, a hankali. Bawa ba ya zuwa wurin ubangijinsa a tsaye. Ka ɗaga ɗuwawu ko kaɗan, na ba kifi ita, su ma su ɗanɗani kitse."

"Ni ne bawanka? Ni?"

"Da kai da wuƙarka."

Ya saki bakin jirgi. Ya dafa ƙasa da hannu biyu ya ja jiki. Jirgi ya yi ƙara. Na ce wa manoman su kwantar da dammunan gero ya bi ta kai, kowa ya tsaya a gefensa kada ya matsa masa. Ya sake ja, yana zagin kakannin masunta ɗaya bayan ɗaya. Ya iso daidai Inna Kulu, inda wuri ya fi matsi, kuma inda in ya ture ƙullin kayanta zai ga abin da ke ƙarƙashi. A nan iska ta kawo wata igiyar ruwa babba, ta dake mu, ta watso mana a fuska. Mani ya sandare. Hannunsa ya koma neman bakin jirgi.

Na cire hular na riƙe ta da yatsa biyu a saman ruwa. Na ce, "To, ta tafi. Ku shaida, barunje ya sallama."

"Kai Mani," in ji Inna Kulu, tana zungurarsa da gwiwar hannu, "wuce mana, ka danne mini zane. Ƙato da kai, ka bari wanga ɗan tsurut ya yi maka haka gaban mata?"

Ya yi wani gurnani, ya ja jiki ya wuce ta. Ya sake ja. Sai na ji bayan jirgi ya nutsa a ƙarƙashina, hanci ya ɗaga. Na jefar da hular a cinyata, na kafa filafili na tura baya da duk abin da Allah ya ba ni, wanda ba shi da yawa. Katako ya yi kuka, wani abu ya kankare mu daga ƙasa tun daga tsakiya har gaba, jirgi ya zame ya zauna a ruwa.

Ba a gama ba. Ashe kututturen yana ɗan toshe ɓarakar, da muka sauka ruwa ya ƙara samun hanya. Inna Kulu ta ɗora ƙafa ta biyu. Mani ya iso gabana yana haki, ya miƙo hannu.

Na sa masa ƙoƙo a ciki.

"Mi ne ne wanga?"

"Fansa. Yashe ruwan nan tas, ka karɓi hularka."

Wallahi ban taɓa ganin mai yashe ruwa irin Mani ba. Hannun da ya saba fiɗa ya kama aiki, ƙoƙo yana shiga yana fita. Ige ta kwance ƙwarya ta miƙa wa wani manomi, wani ya cire hularsa ya shiga kwasa da ita. Na ba wa ɗaya gwangwala na ce ya riƙa zura ta a gaba yana laluben kututture. Kowa ya samu abin yi, salati ya koma ƙasa-ƙasa yadda ya kamata. Ni kuma ina tuƙi, ina lura kada bakin Mani ya huta, don in ya huta zai lura ruwan ba ya raguwa.

"Nama dai wahala ne," na ce. "Sai an nemo wuƙa, an nemo mai yanka, an duba alƙibla. Kifi kuwa da halaccinsa ya fito daga ruwa."

"Rufe muna baki! Ranar sunanka kihi anka yanka?"

"Rago aka yanka, shi ya sa na fito gajere."

"Wa ya taɓa yin layya da tarwaɗa? Wa ya taɓa kai wa surukai ƙaya?"

"Ƙayar kifi ta fi ƙashin da kuke cusa wa mutane a tsakiyar tsoka."

"Ƙarya kake, ɗan kihi! Ni ban taɓa..." Ya watsar da ƙoƙo guda. "To, sai dai ranar da kasuwa ta yi sanyi."

Har manoman suka yi dariya, ta gaske wannan karon. Hadari ya rufe rabin sama, tsawa tana bin bayanmu, jirgi ya yi nauyi yana tafiya kamar saniya mai ciki. Ruwa ya kai mana ƙwauri. Ina kallon wani itace da ke bakin gaɓa yana girma a hankali, a hankali, ina roƙon igiyar Baba ta ƙara haƙuri. Da mai gwangwala ya ce, "Na taɓa ƙasa!" sai na ƙara danna filafili. Na ci gaba da tuƙi har hancin jirgi ya kafe a laka.

Mutanen gaɓa suka shigo ruwa suka ja mu. Aka sauke Ige da goyonta, aka sauke gero da awaki. Inna Kulu ce ta ƙarshe a masu fita, da ta ɗaga ƙafafunta ruwa ya bulbulo ta wurin kamar an buɗe tulu. Ɓarakar ta isa mutum ya zura hannu. Diddigenta ya tsage yana jini, ta dube shi ta ce dama yana mata ƙaiƙayi.

Mani yana zaune a inda yake, ƙoƙo a hannu, yana kallon ɓarakar. Na kifa masa hularsa a kai, bai ko gyara ta ba.

"Tun can ka san da wanga?"

"Tun can."

"Ita ma tsohuwa ta sani?"

"Ita ta riƙe shi."

Ruwan sama ya fara sauka manya-manya, mutane suna gudu da kaya zuwa rumfa, awakinsa suna ta kuka a gaɓa.

Na ce, "To barunje, mun iso. Yanzu an yarda maka, tashi."

Ya dafa bakin jirgi ya yunƙura. Ƙafafun suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, suka sake ƙi. Ya gyara zama a cikin ruwan da ya kai masa ƙugu, ruwan sama yana dukan hular, ya ɗaga kai ya harare ni.

"Tahi ka ba ni wuri, ɗan kihi," ya ce. "Ni ban gama zama ba."